Akushin Da Na Hana Ɗiyata

Ƴan matan da suka shigo ƙungiyarmu ta salula kwanan nan, ku nake wa wannan rubutu. Ina jin saƙonninku. Wannan ta ce a aiko mata hoton keken juya itacen ta sa a haɗa mata irinsa kafin Sallah, waccan ta ce ai abin ba wuya, ka taka da ƙafa itace ya yi ta juyi, ka ɗora ƙarfe kwano ya fito. Ni ban yi nisa a lakwal ba, makarantar boko ke nan, aji huɗu na tsaya, sai ku yi haƙuri da rubutun. Amma shekara shida ke nan ina taka keken nan a Galma, kuma akwai abin da gara ku ji daga bakina kafin ku ji a bakin wani.

Aikina na farko ƙotar wuƙa ce. Baba Tanko, uban mijina, Allah ya jiƙan shi, gyaran keken ɗinki yake yi. Shi ya ɗauki ƙafafun wani mataccen keke, ya kafa masa tsinin ƙarfe biyu suna kallon juna, ya ɗaura igiyar fata daga babbar ƙafar zuwa sama. In ka matse itace tsakanin tsinayen ka taka, sai ya riƙa juyawa. Don jin daɗinsa ya haɗa shi, ba don kasuwa ba. Ni kuwa amarya ce a gidan, ina shara ina satar kallo. Ranar da ƙafarsa ta kumbura ya kasa takawa, sai ya ce wa uwar mijina, “A tambayi yarinyar nan ko za ta ara mini ƙafa.”

Suruki ba ya zama ya dubi matar ɗansa ya koya mata abu, kun sani. Shekara biyu yana koya mini, bai taɓa yi mini magana kai tsaye ba. Bango yake faɗa wa, ko akuyar da ke ɗaure kusa. “A gaya wa mai takawa ta sassauta, ba gudun kare muke ba.” “Da mai riƙe da ƙarfen nan za ta sauke hannunta kaɗan, da itacen bai yi kuka ba.” Ni ma akuyar nake ba amsa. Ƙotar wuƙar nan sau biyar tana tsalle daga keken, na huɗun ta same ni a haɓa, tabon yana nan. Da ta fito daidai ya juya ta a hannu, ya ce wa akuyar, “To, ba laifi.”

Kayan aikin ba su da yawa. Gatari da gizago na rage itace ya kusa zama kewayayye kafin a ɗora shi. Sai kurfi uku, ƙarafan da ake yankan itacen da su yana juyi, waɗanda maƙeri ya ƙera mana daga tsofaffin magagarai: mai faɗin baki, mai baki kamar cokali na raraƙe ciki, da siriri na jan layi. Sai dutsen washi. Rabin aikin washi ne. Kurfin da bai ji dutse ba yagar itace yake yi, kuma ba takarda mai yashi da za ta ɓoye wannan yagar.

Ƙafafun gado huɗu da na yi wa wata maƙwabciya su suka koya mini ɗanyen itace. Na yi su da bedi, wato dogon yaro, sabon sara, suka fito sumul kamar an lashe. Bayan wata ɗaya ta aiko a kira ni. Biyu sun tsage daga sama har ƙasa, ɗaya ta lanƙwashe, gadon yana rawa in an zauna. Ta ce, “Uwar Habsu, gado na ce ki yi mini ko jirgin ruwa?” Tun daga nan nake binne itace cikin ƙaiƙayi a inuwar rumbu, wani wata uku, wani har ya ga damina ta wuce. Bishiyar ɗanya ita ce ta akushi, tana da laushi ba ta sa wa abinci ɗaci. Aduwa ta ƙota ce. Kirya kuwa sai kin yi washi sau goma kafin ki gama abu ɗaya.

Ƙungiyar, wani tsohon malamin lakwal ne a Buza ya buɗe ta bayan ya ajiye aiki, muna ce masa Metir Aliyo. Mun kai mutum arba'in lokacin, daga Madawa, Buza, Keita da ƙauyukansu: tela, masu lambun albasa, direba, mu mata uku. Ba wanda ke ci da wannan aiki, sha'awa ce ta tara mu. Yawancinmu ba ma karatu sosai, don haka da murya ake komai. Wani ya ba da labarin iska ta kayar da ɗanya a gonar wane, mai so ya zo da amalanke. Wani ya ce igiyar kekensa ta tsinke, me ake yi. Ranar Juma'a kuma kowa ya sa hoton abin da ya gama. Dokar Metir ɗaya ce: in ka sa hoto, sai ka faɗi sunan itacen, inda ka samo shi, da abin da ka shafa masa. Yakan ce, da ɗan Faransancinsa, “Bon, nan ba a ɓoye ma kowa komi. Wanda ya sani shi hwaɗi.”

Ni da sunan Baba Tanko na shiga. Tsofaffin cikinsu sun san shi, wasu shi ya haɗa masu kekunansu. In na yi magana, sai a ce ɗiyar Baba Tanko ta ce. Ban taɓa gyara masu ba.

Baƙin akushi ba fenti ba ne. Yadda Baba ya koya mini, ana sa faffaɗan ƙarfe a wuta ya yi ja, a riƙa goga shi a jikin itacen a hankali har ya ƙone sama sama, a goge tokar, a shafa man kaɗe ko man shanu, a shanya, a sake. Kwana huɗu, biyar. Hannu yana ƙonewa, hayaƙi yana shiga ido, in kin daɗe wuri ɗaya ƙarfen ya ci rami.

Shekarar da Baba ya rasu ita ce mummunar shekarar. Ruwa ya ɗauke hatsi yana fidda kai, abin da muka girbe bai rufe gindin rumbu ba. Man kaɗe ya ɓace a kasuwa, ɗan man da ke gidan kuwa na miya ne, ba wadda za ta shafa wa itace uwar miji tana kallo. Ɗiyata Habsu tana da shekara ɗaya da rabi, ga yaye, ga zawo yau da gobe. Ina da wani ƙaramin akushi na ɗanya da na gama juyawa, ya fi duk abin da na taɓa yi, bakinsa siriri kamar na tasa. Yana nan fari fat, ba abin shafawa.

Mijina Isa gyaran injin ban ruwa yake yi wa masu albasa. Baƙin man da yake juyewa daga inji yana tara shi a galan, yana shafa wa ginshiƙan rumfa saboda gara. Wata safiya na ga rana ta bugi ginshiƙin yana sheƙi. Na tsoma tsumma na shafa wa akushin. Itacen ya shanye nan take. Na shanya, na sake, sau uku. Kafin la'asar ya yi baƙi wuluk, ina ganin fuskata a ciki, ba wuta ba hayaƙi.

Da yamma na ajiye shi kan tabarma, Habsu ta rarrafo ta ɗauka ta kai baki. Fizge shi na yi har ta faɗi zaune tana kuka. Na wanke mata baki da ruwa sau biyu, na shinshina hannunta, na sake wankewa da sabulu. Akushin kuwa na ɗora shi can saman katanga inda ba ta kaiwa, na zuba allurai da maɓallai a ciki. Ku riƙe wannan, don duk abin da ya biyo baya a kansa yake.

Ranar Juma'a na zazzage maɓallan, na ɗora shi kan farin zane na ɗauki hoto na sa. Salular ba ta huta ba. Akwai wani Shaibu, tela ne a Garhanga, bakinsa ba ya zama. Shi ya fara.

“Kai jama'a! Wanga akushi na ko madubi? Uwar Habsu, hwaɗa muna gaskiya, wane kanti kinka sayo shi? Ni nawa in na ƙona sai su fito kamar gindin tukunya.”

Metir ya ce, “Shaibu, naka ko ba ka ƙona ba haka suke. Ɗiyata, doka. Itace, wuri, da abin shafawa.”

Na danna na ce ɗanya ce daga gonar kawuna, kuma baƙin man inji ne, shafi uku, a shanya a rana tsakani.

Shaibu ya dawo. “Ashe! Wanga sirrin Baba Tanko na, ya ɓoye muna shekara da shekaru ya ba ɗiyarshi. To ana cin tuwo ciki, ko na kallo na?”

Na saurari wannan saƙon sau biyu. Akushin yana hannuna, warinsa yana hancina. Sai na danna na ce, da dariya a muryata, “In ya bushe ba komai.” Maganar Baba kuwa ban taɓa ta ba, na bar ta yadda ya faɗa.

Sati biyu ana kiran abin shafin Uwar Habsu. Wanda bai taɓa gaishe ni ba ya gaishe ni. Na ce wa kaina ai manya ne, kowa yana da hanci.

Juma'a ta uku Metir ya sa bidiyo. Jikarsa ce, Nana, wata takwas, zaune a cinyar uwarta. Ya juya mata ɗan akushi daidai tafin hannu, baƙi mai sheƙi, an zuba koko mai zafi yana tururi, uwar tana ba ta da cokali. Muryarsa tana bayan hoton: “Wala, ga aikin kakanta. Shafin Uwar Habsu, shafi uku. Kwana biyar ke nan ba ta shan koko sai cikin nata.” Na tsayar da bidiyon na buɗe shi da yatsa biyu. A gefen kokon, inda ya taɓa itacen, akwai wani siririn zobe mai launi launi, irin wanda nake gani a kan ruwan da ke kwance inda Isa ke wanke inji.

Ranar ban ce komai ba. Na sa alamar hannu mai yabo a ƙarƙashin bidiyon kamar kowa.

Asabar na sauko da nawa daga katanga, na zuba masa ruwan zafi na bar shi. Da na dawo zoben yana nan a kan ruwan. Na taɓa da harshe na tofar. Na ɗauki salula na yi saƙo, na goge. Na sake, na goge. Na sami Isa a rumfarsa na ce ya kira Metir, namiji da namiji, ya ce masa mun ji wani ya ce man nan ba shi da kyau.

Bai ɗago daga injin ba. Ya ce, “Wa ya ce? Wane wani?”

Bai jira amsata ba ya ci gaba.

“Da kin tambaye ni tun farko. Abin da nake wanke hannu da toka sau uku kafin in ci tuwo? Ke kinka hwaɗa masu, ke za ki kwance. Ni ban iya ƙarya da tsoho ba.”

Lahadi na ce sai na gama daka. Na gama na ce sai na yi wanki. Ina shanya sai salula ta yi ƙara. Wani mai lambu ne a Karofane ya sa hoton ludaya shida baƙaƙe, jere a kan buhu, ya ce na ɗiyarsa ne da za a kai ɗaki, duk da shafin Uwar Habsu. Nan na gane ko na kira Metir a ɓoye ban yi komai ba. Inda na faɗa, nan zan kwance.

Na goya Habsu na zagaya bayan rumbu, rana tsaka. Abin da na ce ban manta ba, don na saurare shi ya fi sau ashirin daga baya.

“Salamu alaikum, Uwar Habsu ce ta Galma. Don Allah duk wanda ya shafa baƙin mai a abin cin abinci kada ya ci a ciki, kada ya ba yaro. Metir, a daina ba Nana koko a akushin nan yanzu yanzu. Ko ya bushe yana fitowa in ya ji zafi, na gwada. Kuma ba Baba Tanko ya koya mini ba, bai taɓa yin haka ba, ni na ƙirƙiro. Ku yafe mini.”

Na ga alamar an saurara tana ƙaruwa, mutum goma, ashirin, talatin. Can sai kira ya shigo, Metir ne. Ina jin motsi a bayansa, mace tana cewa a miƙo mata zane.

Ya ce, “Ɗiyata, na ji. Za mu kai ta likita yanzu. Abu guda nika son sani, don in san abin da zan hwaɗa masu. Yaushe kinka gane?”

Bakina ya ɗauko “jiya”. Har na ce “ji”, na tsaya. Na ce, “Tun ranar farko, Metir.”

“Ranar da kinka sa hoto?”

“Kafin nan.”

“Habsu ta ci a cikin naki?”

“A'a. Na hana ta.”

Sai ya ce, “To,” ya kashe.

A likita an duba Nana. Ta yi kwana biyu cikinta yana gudana, amma tana haƙora, malamar da ta duba ta ta ce ba za ta iya rantsewa ko wannan ne ko wancan ba. Ta ce a jefar da kwanon, a ba ta ruwa da nono sosai, a dawo da ita in an ga wani abu. Wannan ba daga bakin Metir na ji ba, matar direban ƙungiyarmu ce ta faɗa mini. Sati biyu kullum da safe ina kiranta in tambaya, har ta ce, “Ke, yarinya tana nan tana cin ƙasa, ki bar ni in yi aiki.”

Juma'ar da ta biyo mutum ɗaya ne ya sa hoto. Metir ne, ya sa gatari ya raba akushin Nana biyu, ya ɗora ɓarin a kan farar takarda. Baƙin ya shiga itacen ya kai kaurin farce ko'ina, a gindi kuwa ya bi jijiyar itacen ya kusa fita ta ɗaya gefen. Ya ce, “Ku duba da kyau. Wanki ba ya fidda wanga, kankara ba ta fidda shi. Mai shi shi sa a wuta, kuma ba wutar girki ba.” Bai ambaci sunana ba. Mai lambun Karofane ya ƙone ludayansa shida, bikin saura kwana tara, ya koma ya sayi na roba. Har yau in na yi sallama a ƙungiya ba ya amsawa, kuma ban ga laifinsa ba. Shaibu ne kawai bayan wata guda ya ce, “Uwar Habsu, kina nan ko gara ta cinye ki? Sa muna hoto, ko fari na.”

Da kaka ta yi na samu man shanu cikin ɗan gwangwani. Na juya wani ƙaramin akushi na ɗanya, na ƙona shi da ƙarfe yadda aka koya mini, kwana biyar. Bai yi sheƙin wancan ba, gefe ɗaya ma ƙarfen ya ɗan ci. Ranar kasuwar Buza Isa ya ɗauke ni a moto, babur ɗinsa, Habsu a bayana, muka tambayi gidan Metir.

Ya karɓe mu a zaure da mutunci, ya tambayi hanya, ya tambayi uwar mijina. Ya juya akushin a hannu, ya shinshina, ya ce, “Ba ni za ki ba wa ba. Shiga ciki.”

Uwar Nana tana tsakar gida tana tankaɗe. Yarinya ce kamata, ba za ta girme ni ba. Nana tana dafe da turmi tana koyon tsayuwa, ƙafafunta cike. Na gaishe ta, na durƙusa na ajiye akushin a gabanta, na ce man shanu ne da wuta kawai, na kawo wa Nana. Ta dube shi ba ta taɓa ba.

Ta ce, “Ke ce Uwar Habsu?”

Na ce ni ce.

“Wagga ita ce Habsun?”

Na ce ita ce.

Ta tashi ta shiga ɗaki, ta fito da kofin koko da sauran zafinsa, ta juye a cikin akushin da na kawo. Ta miƙo mini cokali.

“Sauke ta. Ba ta in gani.”

Matan gidan suka bar abin da suke yi. Na kwance goyon, na zaunar da Habsu a cinyata, na hura na ba ta. Ta sha. Na sake ba ta. Cokali yana ƙara a jikin itace har na kankare gindin. Habsu ta sa yatsa ta lashe sauran.

Uwar Nana ta ɗauki akushin ta wanke, ta kife shi a kan danga, ta ce a gaida mutanen Galma. Da muke fita na waiga, ta ɗauko wani kofin roba shuɗi tana zuba wa Nana nata a ciki.